Ba Zan Cire Waken Ba

Duk ranar Juma'a sai an samu wani saurayi mai ƙyallin takalmi ya leƙo tagar kicin ɗina da waya a hannu, ya ce, "Baba, ka san asalin cili ba a sa masa wake?" Nakan ce na sani. Sai ya tsaya yana jiran in ji kunya. Ba na ji. In ya ga haka sai ya ƙara da cewa ai abin ma ba wuya, ya ga bidiyonsa, minti uku aka gama. Saboda irin waɗannan na zauna rubuta wannan, don bakina ya gaji, kuma ranar Juma'a hannuna yana da abin yi.

Ga wanda bai sani ba, cili miyar nama ce ta Amurkawa, mai kauri, ja wur, wadda barkono yake wa sarauta. Can wajensu an daɗe ana jayayya kan ko a sa mata wake ko kada a sa, kamar yadda muke yi a kan ganin wata. Ni ina sawa. Na san hujjar waɗanda ba sa sawa fiye da su, domin shekara goma sha ɗaya ina cikinsu, har limanci na yi musu. Kuma a kan waken nan aka taɓa ba ni zaɓi: ko in cire shi, ko in bar kicin ɗin da bizata take rataye a jikinsa, ina da shekara hamsin da takwas. Wanda ya zauna a Dubai ya san ma'anar wannan. Aiki ya tafi, zama ya bi shi, sai jirgi.

Ni ba kuku ba ne tun asali. Malamin tarihi ne a wata sakandare a bayan Kano, shekara goma sha huɗu ina koya wa yara daulolin da suka tashi suka faɗi, alli yana cin yatsuna. Na zo Dubai ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar da niyyar wata shida. Ban kai ba, bayana ya ce shi ba wannan ya karanta ba. Wani ɗan garinmu ya haɗa ni da wankin tukwane a kicin ɗin wani otal a Bur Dubai. Kullum da sassafe in hau abra, kwalekwalen nan mai tsallake ruwa daga Deira, in je in tarar da tukwane sun yi layi suna jirana kamar 'yan aji ɗaya.

A nan na haɗu da Baba Gulam. Tsoho ne ɗan ƙabilar Baluci, gajere, gira kamar tsintsiya. Ya yi ƙuruciyarsa yana dafa wa 'yan Texas abinci a sansanin haƙar mai cikin hamada, daga wurinsu ya ɗauko cili, ya riƙe shi kamar alwala. Muna magana da Larabcin kasuwa, da Turancin kicin, da nuni da ludayi. Mudarris yake kirana, wato malamin makaranta, kuma ba don girmamawa ba.

Aikin farko da ya ba ni bayan shekara guda a bakin famfo shi ne yankan nama. Kafaɗar sa ce, mai ɗan kitse da jijiya. Ya ce kowane yanka ya zama daidai da kan ɗan yatsa. Na nuna masa injin niƙa nama yana zaune a kusurwa ba ya komai. Ya dube ni, ya dubi injin, ya ce, "Mudarris, wancan na masu ƙosai ne." Ba ƙosai ya ce ba, wani abu nasu ya ambata, amma haka na fahimta. Na yanka kilo shida da wuƙa. Ya zo ya baje shi a kan katako, ya ware manya gefe, ya ware ƙanana gefe, ya ce ƙaramin zai narke kafin babban ya nuna, in sake. Wata huɗu ina yankan nama ban taɓa tukunya ba. Ku da kuka ga bidiyon minti uku, wannan wata huɗun ne aka yanke muku.

Daga nan sai barkono. Iri uku ne, duk busassu: na Kashmir don launi, tattasai don zaƙi, sai ɗan mai zafi kaɗan don a san an zo. A tsaga, a kakkaɓe 'ya'yan, a gasa a busasshen kasko. Tsakanin gasuwa da ƙonewa numfashi biyu ne, kuma ba agogo yake faɗa maka ba, hanci ne. In ya wuce, tukunya duka ta yi ɗaci, babu abin da zai cece ta. A jiƙa shi a ruwan zafi, a kirɓa a turmi. Sai kammun, ɗan tsabar nan mai ƙamshi da Larabawa da Indiyawa ba sa girki sai da shi, shi ma a gasa a daka. Albasa, tafarnuwa, tumatir kaɗan, romon ƙashi. Naman a soya shi a kitsensa, kashi-kashi, kada a cika tukunya ya tsatso ruwa ya koma dafaffe. Sa'an nan awa uku a kan wutar da ko kyandir ya fi ta ƙarfi. A ƙarshe ɗan garin masara don kauri.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa, turmi, muciya, da wata baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyin ɗan maraƙi, wadda ba a wanke ta da sabulu. Ranar da na tambayi Baba Gulam, cikin rashin sani, ko ba za a ɗan jefa wake ba don ya yi auki, sai ya juyo ya dube ni. Ya ajiye muciya. Ya ce, "Wake na wanda ba shi da nama ne. Tukunyar da aka sa wa wake, a kira ta duk abin da aka ga dama, ban da cili. Khalas, magana ta ƙare." Na haddace. Malamin makaranta ba abin da yake so kamar doka mai gajeriyar jimla.

Shekara biyar na yi a ƙarƙashinsa. Da zan tashi ya ba ni tukunyar, ya ce in kula da ƙafata in zan sauke ta.

Na koma Deira, wani gidan abinci na wani Alhaji ɗan Kano, a hawa na biyu bisa shagon masu kago, masu aika wa 'yan kasuwa kayansu gida. 'Yan kasuwarmu ne masu ci: 'yan atamfa, 'yan waya, 'yan gwal, masu zuwa sati biyu su cika kwantena su koma. Tuwo da miyar kuka, shinkafa, farfesu, masa. Ranar Juma'a bayan masallaci sai in sauke cili a kan farar shinkafa. Da farko sun ɗauka miyar dage-dage ce ta yi hatsari. Bayan wata uku sai ka ji mutum tun daga filin jirgi yana bugo waya a ajiye masa.

A cikinsu akwai Hajiya Kulu, 'yar atamfa daga Kwari, mace mai jiki da murya, wadda ta san farashin kowane yadi a Bur Dubai da laifin kowane kuku a Deira. Ranar da ta fara ci ta juya cokali a ciki ta ce, "Malam Ticha, wannan abin naka ya yi, amma maraya ne. Ina wakensa?"

Na fito da tawul a kafaɗa na yi mata darasi. Na kawo makiyayan shanun Texas, na kawo sansanin mai, na kawo Baba Gulam da dokarsa kalma-kalma.

Ta saurara har ƙarshe ta ce, "To, an tashi daga aji? Shinkafa ce fa a ƙasa, Malam. Shinkafa ba wake, ai zaman makoki ne."

Shekara shida tana tambaya, shekara shida ina darasi. Duk wanda ya ci a wurin ya san darasin. Wannan ma ya zo ya ci ni daga baya.

Sai shekarar annoba. Jirage suka tsaya, kasuwa ta rufe, Murshid Bazaar da ko tsayawa ba a iya yi ta koma kana jin kukan tattabaru. Mutanenmu da suka zo sati biyu suka maƙale a ƙananan otal-otal na Deira, guzuri ya ƙare. Alhaji yana Kano, ya bugo ya ce a ciyar da su da abin da ke akwai, Allah ya saka masa, amma abin da ke akwai ɗin ne matsalar. Ina da izinin fita na masu abinci, ina kai robobi ƙofa-ƙofa. Wata ranar Alhamis na buɗe firiza na ga naman mutum goma. Masu jira sun haura talatin.

Hajiya Kulu tana cikin waɗanda suka maƙale. Ta bugo ta ce, "Malam Ticha, gobe Juma'a. Akwai cili?"

Na ce babu nama.

Ta ce, "Akwai wake. Rabin buhu, fari, na Dawanau. Surukata na kawo wa a Sharjah, ga shi hanya ta rufe. Ka zo ka ɗauka, in makiyayan shanunka ba za su yi fushi ba."

Na je na ɗauka. Ba zan ce na yi dogon tunani ba. Mutum talatin da yunwa sun fi kowace doka gajeriyar jimla.

A nan na yi kuskuren da Baba Gulam ba zai taɓa yi ba, wanda kuma duk ɗan Hausa zai yi. Na tsince waken, na wanke, na ɗora, sai hannuna ya tafi kan kanwa da kansa. Haka na ga uwata tana yi, haka na ga matata tana yi: wake sai da kanwa, ya yi saurin nuna. Na jefa ɗan dunƙule. Ya nuna lugub cikin ɗan lokaci, na ji daɗi, na juye shi har da ruwansa a cikin cilin da na yi awa uku ina reno.

Tukunya ta yi kumfa ta taso kamar an zage ta. Jan nan da na sha wahalar gasa wa barkono ya dushe a gabana, ya koma launin laka bayan ruwa. Ɗan tsamin tumatir ya mutu. Naman da na yanka daidai kan yatsa ya dagargaje, waken ya narke, suka haɗu suka zama abu guda mai santsi. Na ɗanɗana. Ban san cewa kanwa da tumatir ba sa zama ɗaki ɗaya ba. Malamin tarihi ne, ba na kimiyya ba. Babu wani naman, babu lokaci. Na zuba a robobi na raba, ina ajiyewa a bakin ƙofa ina barin wurin da sauri.

Ban kai ƙasan bene ba waya ta yi ƙara.

"Malam Ticha."

"Na'am, Hajiya."

"Wannan ci za mu yi, ko wanka? Sabulun salo ka aiko mana."

"Hajiya, ke kika ce a sa wake."

"Na ce ka sa wake. Ban ce ka yi mana rini ba. Kanwa ka sa, ko?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin gidanku. Shekara shida kana mana lacca, ashe wake ma ba ka iya dafawa ba. To mun cinye, don ba mu da wani. Juma'a mai zuwa ka gyara."

Sun cinye ɗin kuwa, duka talatin da wani abu, babu wanda ya dawo da roba da saura. Wannan ya fi zagin zafi.

Satin nan na koma ɗalibi. Kullum sai na ɗebi gwangwani guda na waken in gwada, da ɗan romo da tumatir. Ga abin da na gano, ku rubuta in kuna da biro. Farin wakenmu ba ya bukatar kanwa ko kaɗan, haƙuri yake bukata. A tsince shi tsaf, a jiƙa shi tun asuba a ruwan gishiri. Na san iyayenmu sun ce gishiri yana hana wake nuna. Na gwada sau bakwai, fatarsa kawai yake riƙewa kada ta tsage. A dafa shi shi kaɗai a ruwa zalla, wuta a hankali, har in ka matsa shi tsakanin yatsu biyu ya ba da kai amma bai fashe ba. Kada a sa shi ɗanye a cikin miyar, tsamin tumatir zai ƙulle shi ya zama tsakuwa har gobe. A tsane, a zubar da ruwan. Ya shiga tukunya a rabin awar ƙarshe, ba kafin nan ba. Daga nan muciya ta huta, tukunyar ake girgizawa. A ɗebi ludayi guda a murƙushe a mayar, shi zai yi kaurin, garin masara ya zauna a gida.

Juma'ar da ta biyo na buɗe murfi na ga ja yana nan, naman yana nan ɗaiɗai, waken fari-fari a tsakani, kowanne ya sha romo ya ƙoshi. Na ɗanɗana sai na tsaya. Ba auki kawai ya ƙara ba. Waken yana shanye kaifin barkono ya bar ƙamshinsa, yana ɗauke nauyin kitse, har mutum ya kai ƙarshen faranti bai nemi wurin kwanciya ba. Shekara goma sha ɗaya ina cin cokali huɗu in ajiye, ina cewa ƙarfin abincin ne. Ran nan na cinye faranti.

Hajiya ta bugo. Ta ce, "Yau maraya ya samu uwa." Ta kashe.

Wata huɗu waken nan ya riƙe mu, da shi da wani buhun da wani ɗan Maraɗi ya tono daga sitonsa. Da jirage suka dawo, nama ya dawo, ban cire ba. Na ma bar darasin makiyayan shanu, na sake sabo: barkono da tumatir baƙi ne a ƙasarmu, daga can ƙetaren teku suka zo mana, muka karɓe su babu wanda ya tambaye su takarda. Wake kuwa ɗan gida ne. In sun shigo miyarmu, shi ma ya shiga tasu.

Shekara uku bayan haka Alhaji ya gaji, ya miƙa gidan ga ɗansa Nazifi, wanda ya dawo daga karatun kasuwanci a Amurka. Ba zan zage shi ba. Yaro ne mai ladabi, yana gaisuwa har ƙasa, ya gyara na'urar sanyi da muka yi shekaru muna roƙo. Ya sa sabon allo, ya sa aka ɗauki hotunan abinci, yana son Turawa da Larabawa da ma'aikatan ofis su riƙa hawowa. Wata Litinin ya shigo kicin ya tsaya nesa da tukunya saboda rigarsa.

"Baba Malam, cilin nan shi ne zai ja mana mutane. Amma na rubuta a allo cewa na asali ne, irin na Texas. Sai a cire waken."

"Ranka ya daɗe, sai dai a gyara allon. Ya fi sauƙi, fenti ne."

Ya yi dariya. "Baba, na zauna a can fa. In Ba'amurke ya ga wake zai yi mana dariya a intanet."

"Amurkawa nawa suka hawo benen nan tun da aka gina shi?"

"Shi ya sa nake so su fara."

"To waɗanda suka riƙe shi shekara tara, su sauka?"

Ya ce ai ni da bakina na koyar da cewa wake na wanda ba shi da nama ne, tun yana zuwa hutu yake ji. Na ce haka ne, kuma na taɓa koyar da yara shekarar da ba daidai ba a wani yaƙi, da na gano na dawo aji na gyara; ban ce a sake yaƙin ba. Ya daina dariya. Ya ce shi manaja ne, yana da tsari, kuma akwai kukun da yake jira. Juma'a mai zuwa ko cili ba wake, ko mu rabu lafiya. Ya ƙara da cewa, don kada in ce an zalunce ni, zai kawo wanda ni kaina ba zan musa wa ba.

Na san abin da ke gabana. In an soke biza, 'yan makonni ake ba ka. Mai shekara hamsin da takwas ba ya cikin waɗanda ake rububi. Ina da 'ya biyu a jami'a a gida. Matata ta ce a waya, "Malam, wake ne fa." Na ce na sani. Wani abokina ya ce in yi tukunya biyu, kowa ya huta. Na kai wa Nazifi wannan, ya ce suna ɗaya, abinci ɗaya, haka aka koya musu. A nan kam na yarda da makarantarsu.

Ranar Juma'a na jiƙa wakena tun asuba.

Da aka sauko daga masallaci gidan ya cika. Hajiya Kulu tana nan, ta zo sayayyar salla, ta zauna kusa da taga inda take iya ganin kowa. Sai ga Nazifi ya hawo a hankali yana riƙe da hannun wani tsoho. Baba Gulam ne. Ya bar aiki, yana zaune wurin ɗansa a Bur Dubai. Girar ce kawai ba ta tsufa ba. Nazifi ya bi ya nemo shi har gida.

Na gaishe shi. Ya ce, "Mudarris. Tukunyata tana nan?" Na ce tana nan. Na zuba masa da hannuna, na ajiye, na cire rigar kicin na ninke na ɗora a kan teburin kusa da farantin, don kowa ya san na san abin da nake yi.

Ya dubi waken. Ya dube ni. Ya ɗebo yanka ɗaya na nama ya auna da kan yatsansa. Ya sunsuna. Ya ci cokali ɗaya, ya ci na biyu, ana jiyo masu kago suna jan salatif a ƙasa. Ya cinye farantin tas, ya goge baki.

Nazifi ya ce, "Ya shaikh, wannan cili ne?"

Ya ce, "La. Ba cili ba ne."

Hajiya Kulu ta ce, "To me ka cinye, Baba? Faranti?" Ba wanda ya fassara masa.

Nazifi ya juyo, ba da izgili ba, har da ɗan tausayi. "Ka ji, Baba Malam. Malaminka ne. Mako mai zuwa sai a cire, shi ke nan, magana ta wuce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya faɗi abin da ya sani, kuma ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Amma shi bai ciyar da mutum talatin da naman goma ba. Waken nan ya yi aiki a gidan nan lokacin da allo bai yi ba. Ba zan sallame shi don nama ya dawo ba."

"To ka zaɓa ke nan."

"Tun asuba."

Na ɗauki wuƙata na naɗe a tawul. Tukunyar tawa ce, sai da aka gama raba abin da ke ciki na sauke ta da kaina, ina kula da ƙafata. Nazifi ya riƙe mini ƙofa. Kun ga ladabin da nake faɗa muku.

Na raka Baba Gulam bakin ruwa, muna tafiya a hankali cikin rana. Bai ba ni haƙuri ba, ban nema ba. Abra ta matso, mai tuƙi yana ta yalla yalla, wai a yi sauri. Ya sa ƙafa ɗaya, sai ya juyo ya kama hannun rigata.

"Mudarris. Waken nan. Yaya ka yi fatarsa ba ta tsage ba?"

Shekara biyar na yi a gabansa, umarni ne da gyara, safe da yamma. Wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini. Na ce gishiri a ruwan jiƙo. Ya ce gishiri yana hana wake nuna. Na ce haka uwata ma ta ce. Na ce ya je ya gwada sau bakwai. Ya hau yana gyaɗa kai, ko yarda ce ko rashinta ban sani ba, abra ta tafi da shi.

An soke bizar. Na yi sati uku ina hawa benaye da takarduna a leda, ana ce mini inshallah, wanda a Dubai kowa ya san fassararsa. Har na fara tambayar kuɗin kago na tukunya zuwa Kano. Saura kwana tara Hajiya Kulu ta kira ni shagon ɗan Maraɗin nan mai buhun wake. Ashe yana da wani ɗan wurin shayi a bayan Murshid Bazaar, da lasisi da komai, teburi huɗu, ba kuku. Ta ce masa, ina tsaye, "Ga shi nan. Taurin kai gare shi, ya taɓa ba mu sabulu, kuma in ya fara lacca sai ka kashe fanka don ya ji zafi ya daina. Amma ɗauke shi." Ya ce, "Dakor," wato ya yarda, da Faransancinsu. Albashin bai kai na da ba, kicin ɗin in na miƙa hannu biyu ina taɓa bango da bango. Shekara biyu ke nan ina ciki.

Don haka, samari, in kun leƙo taga ku ce mini asalin cili ba wake, ba labari kuka kawo ba. Wanda ya fi ku sani ya faɗa mini a gaban jama'a, na biya kuɗin jin sa da aikina. Ku je ku yanka kafaɗar sa wata huɗu, ku ƙona barkono har hancinku ya yi hankali, ku ɓata tukunya guda da mutane masu yunwa suke jira, su cinye don ba su da wata. Sa'an nan ku dawo mu yi musu, zan ba ku kujera.

Gidan Nazifi yana nan, kuma na ji ana samun Turawa jefi-jefi, Allah ya ƙara kasuwa. Cilinsu ba wake, an ce ba laifi. Sai dai duk Juma'ar da Alhaji babansa yake gari, bayan an sauko daga masallaci, direba yakan tsaya a bakin lungunmu da kula a hannu, ya ce wai wani baƙo ne ya aiko shi. Na san kular. Ni na saye ta da hannuna shekarar da na fara aiki a gidansu. Nakan karɓa. Nakan sa ludayi har ƙasan tukunya, inda waken ya fi taruwa, in cika masa ita har baki.